Ƙarami Ne Ke Zuwa Wurin Babba

Wani ne, mai shagon labule, Allah ya haɗa shi da suruki mai rubuta littafi.

Surukin nan tsohon ma'aikaci ne. Tun da ya yi ritaya ya sayi kwamfuta, ya zauna yana rubuta tarihin rayuwarsa da yatsa ɗaya. Shekara da shekaru yana abu guda. Da rubutun kawai yake yi, da ba wanda ya damu. Matsalar ita ce karantawa. Duk ƙarshen mako, da an gama cin abincin rana, sai ya tara 'ya'ya da surukai da jikoki a falo ya karanta musu abin da ya ƙara. Ba fita, ba taɓa waya. Ko tari ne ya taso maka, sai ka jira a kai aya.

Mutumin namu kuwa Allah ya yi masa baiwar barci da ido buɗe. Yana zaune a miƙe kamar mai jiran hoto, alhali ya yi nisa. Lokaci-lokaci sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ikon Allah!" Wata rana ya faɗe ta da ƙarfi, ashe cewa kawai tsohon ya yi a miƙo masa ruwa.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne, ba a ɗauke shi a bakin komai ba a gidan. Mijin babbar 'yar likita ne, shi ke auna wa tsohon hawan jini. Mijin ta tsakiya magini ne, shi ya gyara rufin da ke yoyo. Shi kuwa mijin auta, labule kawai ya iya. Ya canja labulen gidan kaf, har na tagar banɗaki, tsohon bai taɓa ɗaga kai ya gani ba. Ko sunansa ba ya kira. "Wannan na wajen auta," haka yake cewa, ko da yana zaune a gabansa.

To ita kwamfutar ta tsufa. In aka kunna ta sai ta kama ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar tana tauna tsakuwa. Kafin ta buɗe an sha shayi an wanke kofuna. Likita ya tuna yana da mara lafiya a asibiti. Jikoki sun sulale ɗaya bayan ɗaya. Wani lokacin ma tsohon da kansa barci ke kwashe shi a kujera, a tashi lafiya ba a karanta komai ba. Nawar kwamfutar nan ita ce rahamar gidan, kuma kowa ya san haka, ban da mutumin namu.

Ran nan ana zaune ana jiranta, tsohon ya yi tsaki.

"Wannan abar sai ta kashe ni kafin in gama littafina."

Sai mutumin ya ga ƙofa ta buɗe masa. Ya gyara murya.

"Baba, ai wannan ƙaramin aiki ne."

Tsohon ya waiwayo, ya dube shi ta saman tabarau.

"Da wa kake?"

"Da kai, Baba. Faifan ajiyar da ke cikinta ne ya gaji. Akwai wani sabon yayi, es-es-di ake ce masa. In aka kwashe komai aka mayar can, kafin ka zauna ta buɗe."

Jiya-jiya ya ji wannan maganar a bakin wani da ya zo sayen labule.

Likita ya zuba masa ido kamar ya ga sabuwar cuta. Magini ya dafe kai. Matarsa ta mintsine shi a cinya har sai da ya ɗaga ƙafa. Surukarsa kuwa murmushi ta yi, irin wanda ba ya kai ido.

"Ɗana, ai da ka bar ta. Tsohuwa ce, a bi ta a hankali."

"Kar ki damu, Mama. Ni da kaina zan yi."

"Abin da nake tsoro ke nan," in ji ta.

Washegari ya rufe shago ya tafi wurin mai gyaran kwamfuta. Shagon ɗan tsukuku ne, wayoyi sun sauko daga rufi kamar saiwa, tebur cike da sukurori da gawawwakin kwamfutoci. Mai gyara ya ɗauko masa sabon faifai, ya ce ya kawo kwamfutar a yi masa aikin gaba ɗaya.

"A'a. A gabansa nake so in yi, da hannuna."

"Ka taɓa yi?"

"Na taɓa ganin inda ake sayarwa."

Mai gyara ya jawo wani ɗan akwati baƙi daga ƙarƙashin tebur, mai rami biyu a sama da maɓalli ɗaya a gaba.

"To ga aro. Wannan shi ke kwafa, ba ya buƙatar kwamfuta. Ka ciro tsohon faifan ka sa a ramin farko. Sabon a rami na biyu. Ka ga kibiyar nan da ke tsakaninsu?"

"Na gane."

"Ban faɗa ba tukuna. Ita ke nuna wa zai je wurin wa. Duk abin da ke cikin na farko, da babbar manhajar da ke tashin kwamfutar, da hotuna, da rubuce-rubuce, zai tafi ya hau kan na biyu, ya danne duk abin da ya tarar."

"Na gane."

"Kun ajiye kwafin littafin a wani wuri?"

"Ai kwafar zan je in yi yanzu."

Mai gyara ya dube shi, ya dubi akwatin, kamar mai sallama da ɗan'uwa.

"Allah ya kiyaye hanya," ya ce.

Da la'asar ya isa gidan surukai. Ya shimfiɗa ƙyallen labule a kan teburin cin abinci. Ya sa wani tabarau da ba na ciwon ido ba, don kwarjini. Ya kifa kwamfutar, ya kwance sukurori yana jera su a faranti. Tsohon ya jawo kujera ya zauna daf da shi, numfashinsa na sauka a wuyan mutumin.

Tsohon faifan ya fito, mai nauyi kamar gwangwanin kifi. Sabon kuwa shafal, ka ce babu komai a ciki. Dama kuma babu komai a ciki.

Tsohon ya karɓi nasa ya auna a tafin hannu.

"Littafina duk yana nan?"

"Duk yana nan, Baba."

"Shi ya sa ya yi nauyi."

Mutumin ya sa tsohon faifai a ramin farko, sabo a na biyu, daidai yadda aka gaya masa. Har ya kai yatsa kan maɓalli. Da ya danna a lokacin, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

"Tsaya," in ji tsohon. "Wannan kibiyar fa?"

"Ita ke nuna wa zai je wurin wa, Baba."

"To wa zai je wurin wa?"

"Tsohon ne zai je wurin sabon."

Tsohon ya jingina da kujera. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya yi ajiyar zuciya mai tsawo.

"Zamani ke nan. Wanda ya yi shekaru yana aiki, ya ɗauki kaya har bayansa ya ƙage, shi ne zai tashi ya je ya sami yaron da aka ciro daga leda yau. Yaron yana zaune. Ba laifi. Haka kuka iya. Haka aka koya muku."

Mutumin ya ga aikin da ya zo neman suna da shi yana shirin zama shaidar rashin tarbiyyarsa. Ya yi tunani da sauri, abin da bai saba ba. Ya ce a ransa, ko kai ka je ko shi ya zo, ai haɗuwar ɗaya ce.

"Baba, gwada ka nake yi."

"Ni?"

"A'a, akwatin. Akwatin nake gwadawa. Ai ko a gidanmu ƙarami ne ke zuwa wurin babba."

Ya zare su ya musanya. Sabo a ramin farko, tsoho a na biyu. Kibiya ta nuna yaro zai tafi gaida babba.

Tsohon ya mayar da tabarau, ya dube shi sosai, karon farko tun ranar ɗaurin aure.

"Ashe kana da hankali."

Wallahi sai da ƙwalla ta cika masa ido. Ya danna maɓalli. Akwatin ya yi ƙara, wata jar fitila ta kama ƙiftawa, tana jira a sake dannawa in an tabbata.

"Me take cewa?"

"Sallama take yi, Baba."

"To a amsa mata mana."

Ya sake dannawa.

Aiki ya kankama. Fitilu suka riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya. Tsohon faifan yana ta ƙas-ƙas-ƙas, ya fi kullum ƙara.

"Ka ji yadda yake murna da baƙo," in ji tsohon.

Ya sa aka kawo wa mutumin shayi a kofinsa na kansa, wanda ko likita bai taɓa sha da shi ba. Ya tambaye shi yadda kasuwar labule take. Har ya ɗaga kai ya ce, "Af, wannan labulen sabo ne?" Labulen ya shekara uku a wurin.

Da fitila ta ƙarshe ta kama, mutumin ya ɗauki sabon faifai ya sa a kwamfuta, ya ɗaure sukurori, biyu suka yi saura a faranti, ya zuba su a aljihu. Ya kunna. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba allo ya kawo. Baƙi ƙirin, da layin Turanci guda ɗaya a can sama, yana cewa bai sami abin da zai tashi da shi ba.

"Lallai ta yi sauri," in ji tsohon. "Da sai ta daɗe kafin ta nuna wani abu. Ina littafin?"

"Yana... hutawa, Baba. Sabon wuri ne. Sai ya saba."

"Gaskiya ne. Ni ma da aka yi mini canjin wurin aiki sai da na yi mako ba na magana da kowa."

Mutumin ya kwashi kayan ya ce zai kai gida ya sa musu ido. A gida ya rufe ƙofar ɗaki, ya mayar da tsohon faifan cikin kwamfuta, ya kunna. Ƙas-ƙas-ƙas, sannan allo baƙi, da layin nan dai guda ɗaya. Ya kashe ya kunna. Ya hura mata iska. Ya jijjiga ta. Ya sa ta a gaban fanka.

Can dabara ta zo masa. Ya ce ai yaro ya je ya gaida babba, saura babba ya rama ziyara. Ya mayar da su cikin akwati, wannan karon tsoho a ramin farko. Ya danna sau biyu, ya zauna ya jira fitilu suka cika. Ya gwada wannan, ya gwada wancan. Allo baƙi, allo baƙi.

Da safe tun mai gyara bai gama buɗe shago ba ya same shi tsaye a ƙofa, rungume da kwamfuta kamar mai kai jariri asibiti. Mai gyara ya jona faifan farko ya duba. Ya jona na biyu ya duba. Ya daɗe yana kallon allo.

"Malam, aiki ya yi kyau."

"Alhamdu lillahi!"

"Ban taɓa ganin kwafi mai tsabta irin wannan ba. Babu komai a nan, babu komai a nan. Ko uwarsu ba za ta bambance su ba."

"To littafin yana wanne?"

"Wanne ka sa a ramin farko?"

"Sabon."

"Me ya sa?"

"Shi ne ƙarami."

Mai gyara ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya jawo kujera ya zauna.

"Sake faɗa mini, a hankali. Ina so in ba matata labari daidai."

Mutumin ya faɗa masa duka, har da ramuwar ziyara.

"Yanzu ba yadda za a yi a ciro shi?"

"Akwatin nan lungu-lungu yake bi. Duk inda ya sami harafi sai ya shafe ya ajiye babu a wurin. Babbar manhaja zan iya sa maka sabuwa yanzu, kwamfuta ta tashi kamar walƙiya. Littafi kuwa sai dai ka yi wa mai shi gaisuwa."

Ya sa masa manhajar, ya karɓi akwatinsa ya mayar ƙarƙashin tebur, ya tura shi can ciki da ƙafa.

Mutumin ya koma gida. Ya sami matarsa tana ninke kaya. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ki yi haƙuri. In kin ga dama ki tafi gidanku, ba zan hana ki ba. Na goge littafin Baba."

Ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Wane ɓangare?"

"Duka."

"Duka duka?"

"Ko waƙafi bai tsira ba."

Ta rufe baki da hannu biyu. Kafaɗunta suka kama rawa. Ya matso zai rarrashe ta, sai ta zame ta ɗauki waya ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Yana jin muryarta ƙasa-ƙasa: "Yaya, kina zaune? To zauna."

Ranar, abincin da aka ajiye masa bai taɓa ganin irinsa ba tun suna amarci. Bai iya ci ba. Ya ɗauka na bankwana ne.

Ƙarshen mako ya zo. Ya sa tsofaffin kaya, don in za a yaga kada a yi asara. A ƙofar gidan surukai ya tarar da likita yana jiransa. Likita ya kama hannunsa da hannu biyu ya girgiza, idonsa ya yi rau-rau. Magini ya rungume shi har ƙashin bayansa ya yi ƙara, ya raɗa masa a kunne, "Duk ranar da rufinka ya yi yoyo, ko cikin ruwan ne, ka kira ni." Jikoki suka yi layi suna gaishe shi. A wurin cin abinci surukarsa ta ɗauko kaza guda sukutum ta dire a gabansa.

"Ci, ɗana. Ka sha wahala."

Shi dai bai gane komai ba. Ya ce a ransa, mutanen gidan nan akwai tausayi.

Tsohon ne kaɗai bai sani ba. Ya fito da fara'a, ya zauna a kujerarsa, ya ce a kawo kwamfuta. Ya danna, ta buɗe nan take, fes, allo shuɗi mai kyau, babu komai a kansa.

"Madalla. Ya saba da wurin?"

Mutumin ya sauko daga kujera ya durƙusa. Ya faɗi gaskiya tun daga kibiya har zuwa allon baƙi. Kowa a falon ya sunkuyar da kai, kowa yana ƙoƙarin ɗaure fuska. Magini ya ciji hannun riga.

Tsohon ya cire tabarau. Ya mayar.

"Wato yaron ya je wurin babban."

"Ya je, Baba."

"Ya kwashe masa komai."

"Komai, Baba."

"Haka suke." Ya gyaɗa kai. "Tashi. Ba laifinka ba ne, ladabi ka yi. Kuma ba abin da ya ɓata. Wanda ya rubuta yana nan da ransa. Duk yana kaina, harafi da harafi."

Wani cokali ya faɗi a ƙasa.

"Sai dai yatsan nan nawa ya gaji. Kai za ka riƙa bugawa, ina faɗa. Kullum in ka rufe shago ka biyo ta nan. Tunda yanzu ba ta ɓata lokaci, da ka zauna sai aiki." Ya juya ya dubi sauran. "Ku kuma duk ku riƙa zuwa, tunda kun ji shi. In na tsallake wani wuri ku tuna mini. Daga farko za mu ɗauko."

Surukar ta miƙe a hankali. Ta zagayo, ta ɗauke kazar daga gaban mutumin, ta wuce da ita kicin. Likita ya duba hannun da ya gaisa da shi, ya goge a wando.

Mutumin ya ce bari dai ya san iyakar zaman da zai yi.

"Baba, wancan da ya tafi... ai an kusa gamawa ko? Ka kai wurin ritaya?"

Tsohon ya dube shi ta saman tabarau.

"Ritaya? Kai, a wanda ka goge ko haihuwata ba a yi ba."